A Fara Daga Wutsiya: Jagorar Feɗe Kalmomin Likitanci na Girkanci da Furta Su

Ɗalibin da ya shiga makarantar koyon aikin jinya, ko ta fasahar kiwon lafiya, ko tsangayar likitanci, ba ganin jini ne ke fara karya masa gwiwa ba. Kalmomi ne. Malami zai rubuta cholecystectomy a kan allo ya wuce abinsa, ɗalibi ya bi haruffan da ido ya rasa inda zai kama. Da yawa sai su koma ga makamin da suka sani tun ƙuruciya, wato hadda. Hadda na da ranarta, amma a nan ba za ta kai ka gaci ba, domin kalmomin sun fi ƙarfin ƙirge kuma kullum ana ƙirƙiro sababbi. Abin da zai fishe ka shi ne ka gane cewa yawancinsu haɗin guntaye ne ƙalilan masu maimaita kansu. Wanda ya san guntayen zai karanta kalmar da bai taɓa gani ba.

Me ya kawo Girkanci asibiti? Hippocrates, wanda littattafan Larabci ke kira Abuƙiraɗ, an haife shi a tsibirin Kos wajen shekara 460 kafin haihuwar Annabi Isa. Galen, wato Jalinusu, an haife shi a Pergamon, cikin ƙasar Turkiyya ta yau, a shekara ta 129. Da Girkanci suka yi rubutu, kuma rubutunsu ne ya zama madogarar likitoci fiye da shekara dubu. Hunaini ɗan Ishaƙa, wanda ya rasu a 873, ya fassara littattafan Jalinusu masu yawa a Bagadaza. Ibn Sina ya ɗora nasa ginin a kai, aka mayar da littafinsa Alƙanun zuwa Latin a Toledo cikin ƙarni na 12, Turai ta yi ta karantar da shi. Da Turawa suka fara gano sababbin cututtuka da ƙera sababbin kayan aiki, sai suka ci gaba da ɗebo guntayen Girkanci suna raɗa musu suna. Laennec, likitan Faransa da ya ƙirƙiro abin sauraren ƙirji a 1816, haɗa stethos, ƙirji, da skopein, dubawa, ya yi ya sami stethoscope. Jalinusu bai taɓa jin wannan kalma ba.

Mataki na farko: fara karatu daga wutsiya

An ce a feɗe biri har wutsiya. A wannan fage daga wutsiyar ake farawa. Kalmar likitanci tana da sassa uku, kuma masana nahawun Hausa sun riga sun ba mu sunayensu: ɗafa-goshi a gaba, saiwa a tsakiya, ɗafa-ƙeya a ƙarshe. Ɗafa-ƙeya shi ne ke faɗa maka abin da ya faru, ciwo ne ko aiki ko gwaji. Saiwa ke faɗa maka inda abin ya faru.

A nan Bahaushe yana da sa'a. Mu muna cewa "kumburin hanta", abin da ya faru a gaba, wurin a baya. Girkanci yana juya su: hepat, hanta, sannan itis, kumburi. Saboda haka in ka fara daga ƙarshen kalma ka dawo farkonta, abin da zai fito daga bakinka Hausa ce tsantsa, ba sai ka sake jera ta ba. Nephritis, kumburin ƙoda. Arthritis, kumburin gaɓa. Meningitis, kumburin tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa da laka, wanda muka fi sani da sanƙarau, kuma duk wanda ya yi wayo kafin annobar 1996 a Arewa ba sai an yi masa bayaninsa ba.

Sai dai kumburin da itis ke nufi ya fi wanda ido ke gani faɗi. Celsus, marubucin Rum na ƙarni na farko, ya lissafa alamominsa huɗu: ja, kumburi, ɗumi da raɗaɗi. Mai gastritis ba lallai cikinsa ya tasa ba. Bangon tumbinsa ne ya yi ja yana zafi.

Ɗafa-ƙeyar da za ka fi cin karo da su a fayil ɗin majinyaci ba su da yawa. Algia ciwo ne, kamar neuralgia da myalgia. Aemia yanayin jini ne, uria na fitsari. Osis yanayi ne da ya kauce wa daidai, galibi mai tafiya a hankali. Iasis yawanci yana nuna wani abu ya sami wurin zama a jiki, tsutsa ko tsakuwa. Megaly girman da ya wuce ƙima, kamar splenomegaly, girman saifa, wanda ake yawan gani ga yaran da zazzaɓin cizon sauro ya matsa wa. Penia ƙaranci. Plegia shanyewa. Pathy cuta kawai, ba tare da an fayyace irinta ba.

Akwai uku da ya kamata ka tsaya a kansu, domin suna kama da juna a kunne kuma duk a ɗakin tiyata ake jin su. Tushen biyu daga cikinsu tome ne, yanka. Otomy yanka ne a buɗe a duba ko a gyara, sannan a rufe: laparotomy, buɗe ciki. Ectomy an ƙara ek a gaba, wato waje, ya zama yanke abu a fitar da shi: hysterectomy, cire mahaifa. Ostomy kuwa ba daga yanka ya fito ba, daga stoma ne, baki: a yi wa gaɓa sabuwar ƙofa a bar ta a buɗe, kamar colostomy, inda ake fito da bakin babban hanji ta fatar ciki bahaya ya riƙa fita ta nan. Harafi ɗaya ko biyu ne tsakaninsu, amma ga majinyacin da za a sa hannu a madadinsa, bambancin ya kai tsakanin "za a duba" da "za a cire".

Wasu ukun su ma 'yan gida ɗaya ne: graph na'urar, graphy aikin ɗaukar, gram sakamakon da ya fito a takarda. Abin da kake riƙe da shi a hannu bayan an auna bugun zuciya electrocardiogram ne.

Mataki na biyu: nemo saiwa, ka san sunanta na ɓoye

Koma ga cholecystectomy. Ka cire ectomy, cirewa. Saura chole da cyst. Chole ruwan ɗacin da hanta ke yi, cyst jaka. Jakar ruwan ɗaci, wato maɗaciya. Cire maɗaciya ke nan, an gama.

Hanya mafi sauƙi ta riƙe saiwoyi ita ce ka bi jikinka daga sama zuwa ƙasa kana taɓawa kana faɗa. Cephal kai, encephal abin da ke cikin kai, wato ƙwaƙwalwa. Ophthalm ido, ot kunne, rhin hanci, stomat baki, gloss harshe, odont haƙori. Pharyng da laryng a maƙogwaro. Cardi zuciya, pneumon huhu, mast nono. Gastr tumbi, enter ƙaramin hanji, col babban hanji, hepat hanta, splen saifa, nephr ƙoda. Cyst in ya zo shi kaɗai, kamar a cystitis, mafitsara ake nufi. Hyster da metr mahaifa, salping bututun da ƙwai ke bi zuwa mahaifa, wanda Girkawa suka ga ya yi kama da kakaki suka ba shi sunansa. Oste ƙashi, arthr gaɓa, my tsoka, dermat fata, haem ko haemat jini.

Hausa tana da kalma ɗaya, jijiya, ga abubuwa da dama. Girkancin asibiti ya rarraba su, kuma dole ka bi shi: neur jijiyar da ke ɗaukar saƙo, angi hanyar jini gaba ɗaya, arteri wadda ke fita da jini daga zuciya, phleb wadda ke mayar da shi. Shi ya sa mai ɗibar jini a ɗakin gwaji ake kiran aikinsa phlebotomy.

Za ka lura wasu saiwoyin suna da fuska biyu. Hanta a Girkanci hepar ce, amma in za a ɗafa mata wani abu sai ta koma hepat. Derma ta koma dermat, stoma ta koma stomat, larynx ta koma laryng. Wannan ba baƙon abu ba ne gare mu. Muna cewa zuciya, amma a jam'i sai baƙaƙen da suka ɓuya su bayyana, mu ce zukata. Ka haddace doguwar fuskar, ita ce ke aiki.

Abu na gaba da ke rikita sabon shiga shi ne gaɓa ɗaya mai suna biyu. Ƙoda nephr ce kuma ren ce. Ido ophthalm ne kuma ocul ne. Na biyun duk Latin ne. Dalili kuwa shi ne ilimin sassan jiki da Latin aka rubuta shi a Turai, musamman bayan littafin Vesalius na 1543, shi kuma ilimin cututtuka ya riƙe Girkancinsa. Don haka a mafi yawan lokuta sunan gaɓa da siffarta Latin ne, sunan cutarta da aikin da ake yi mata da ƙwararren da ke duba ta Girkanci ne. Jijiyar jinin ƙoda renal artery, amma likitan ƙoda nephrologist. Ba doka ba ce da ba ta karyewa. Appendicitis, sunan da Reginald Fitz ya fito da shi a 1886, kansa Latin ne wutsiyarsa Girkanci. Hypertension, hawan jinin da ya zama ruwan dare, shi kuma akasin haka ne.

Mataki na uku: wasalin haɗi

Harafin o da kake gani a tsakiyar kalmomi ba shi da ma'ana, aikinsa sauƙaƙa furuci. In ɗafa-ƙeya ya fara da baƙi, a sa shi: gastr-o-scopy. In ya fara da wasali, ba a sa shi: gastr-itis. Tsakanin saiwa biyu kuwa yana nan daram ko da ta biyun da wasali ta fara: gastr-o-enter-itis, oste-o-arthr-itis. In saiwoyi sun yi yawa, galibi bin tsarin jiki suke yi, tumbi kafin hanji, kunne da hanci kafin maƙogwaro a otorhinolaryngology. Iyakar abin ke nan.

Mataki na huɗu: ɗafa-goshi

Bayan wutsiya da saiwa, sai ka duba goshin kalmar. Shi ke faɗin yawa, sauri, wuri ko rashi. A, ko an in wasali ya biyo, rashi ne. Dys wahala ko lalacewa. Tachy sauri, brady nawa: tachycardia ga babban mutum bugun da ya haura 100 a minti ne, bradycardia wanda ya gaza 60. Poly yawa, oligo ƙaranci. Hemi rabi, shi ya sa shanyewar ɓarin jiki take hemiplegia. Endo ciki, peri kewaye, epi bisa. Zuciya kaɗai ta isa ta koya maka biyu daga cikinsu: endocarditis kumburin shimfiɗar cikinta, pericarditis na jakar da ta kewaye ta, myocarditis kuma na tsokar da ke tsakani.

Ɗakin haihuwa makaranta ce mai kyau ta wannan mataki. Men wata ne, rrhoea kwarara, sai menorrhoea ya zama jinin al'ada. Sa a a gaba, amenorrhoea, ɗaukewarsa. Sa dys, dysmenorrhoea, zuwansa da ciwon mara. Canza wutsiyar zuwa rrhagia, ɓarkewa, ka sami menorrhagia, zubarsa fiye da ƙima. Tokos haihuwa: dystocia naƙuda mai gardama, oxytocin kuma, daga oxys mai nufin gaggawa, sinadarin da ke hanzarta ta. Ectopic daga ek da topos, ba a wurinsa ba, cikin da ya zauna a wajen mahaifa.

Launuka ma suna zuwa a gaba. Leuk fari, erythr ja, melan baƙi, cyan shuɗi, polio toka-toka. Shan inna poliomyelitis ne, kumburin sashen laka mai ruwan toka. Virchow da ya ga jinin wani majinyaci cike da fararen ƙwayoyi ya raɗa wa cutar leukaemia a 1847.

Biyu ne a cikin ɗafa-goshi suka cancanci tsoro: hyper, sama da ƙima, da hypo, ƙasa da ƙima. Mai ciwon suga da aka kawo a sume, ko hyperglycaemia ce ko hypoglycaemia, kuma maganin ɗaya guba ne ga ɗayar. A baki wasali ɗaya ya raba su, a rubutun gaggawa ma haka. Shawarata ita ce kada ka taɓa faɗin ɗayansu a waya ko wajen miƙa aiki ba tare da ka haɗa da lambar awon ba, kuma in an faɗa maka ka maimaita da ƙarfi wanda ya faɗa ya tabbatar.

Mataki na biyar: haruffan da ba sa faɗin abin da suka nuna

Rubutun Hausa na boko mai gaskiya ne, kusan abin da ka gani shi za ka faɗa. Waɗannan kalmomi kuwa sun bi ta Latin, wasu ta Faransanci, kafin su iso Ingilishi, kuma rubutun ya tsaya cak yayin da furuci ya yi gaba. A misalan da ke tafe, gaɓar da aka rubuta da manyan haruffa ita ake dannawa.

Fara da ch. A kalmomin Girkanci k ne, ba c ɗinmu na "ciki" ba. Cholera ita ce muka ara muka ce kwalara, ka ga kakanninmu sun ji daidai. Haka chronic, KRO-nik, trachea, tra-KI-ya, ischaemia, is-KI-miya, bronchitis, bron-KAI-tis, schizophrenia, skit-so-FRI-niya. Schistosomiasis, cutar da ke sa tsargiya, ita ce mai sassauci: za ka ji shis-to, za ka ji skis-to, duka an yarda.

Ph kuma f ne, wannan ba wuya. Wuyar tana ga p zalla. Hausa ba ta raba p da f, kuma f ɗinmu da leɓɓa biyu muke yin sa, shi ya sa hyper kan fito "haifa" a bakinmu. Gyaran na aikin leɓe ne. Ga p, rufe leɓɓa ruf sannan ka sake su iska ta fashe. In ka riƙe 'yar takarda a gaban baki za ta motsa. Ga f, haƙoran sama su hau leɓen ƙasa iska ta zirara. Gwada da kalmomin da ke da duka biyun, irin su prophylaxis da peripheral da lymphopenia, har harshe ya daina tunani.

Sai baƙaƙen da ke yin shiru a farkon kalma. Pn, ps, pt da mn, na farkon ba a faɗarsa: pneumonia, nyu-MO-niya, psychiatry, sai-KAI-a-tri, psoriasis, so-RAI-a-sis, ptosis, TO-sis. Amma da zarar wani abu ya shigo gabansu, sai mai shirun ya farka. P ɗin da ya yi shiru a pneumonia ana jin sa a dyspnoea, disp-NI-ya, da apnoea. Wanda ya ɓuya a ptosis irinsa ne ya fito a haemoptysis, hi-MOP-ti-sis, tarin jini. G na ƙarshen diaphragm da phlegm shiru yake, DAI-a-fram da flem, amma a diaphragmatic ana faɗarsa. X a farkon kalma z ne: xerophthalmia, zi-rof-THAL-miya, bushewar ido saboda ƙarancin bitamin A, wadda dundumi ke cikin alamominta na farko.

Rh da rrh duk r ne kawai. Ninkin yana zuwa ne in saiwar ta faɗo bayan wasali, kamar a diarrhoea da haemorrhage.

Ae da oe dogon i ne: anaemia, a-NI-miya, oedema, i-DI-ma, oesophagus, i-SO-fa-gas, paediatrics, pi-di-A-triks. Haemorrhage da haemorrhoids sun fita zakka, da gajeren e ake faɗarsu, HE-mo-rij. Amurkawa sun jefar da harafin farko, suna rubuta anemia da edema da esophagus. Najeriya da Ghana rubutun Ingila suka gada, amma littattafan da ke hannun ɗalibai gauraye suke. In ka nemi kalma a ƙamus ƙarƙashin o ba ka gan ta ba, duba e. A jarrabawa kuma ka zaɓi salo ɗaya ka tsaya a kansa.

C da g suna duban wasalin da ke bin su. Kafin e, i, y, ae da oe, c ya zama s, g ya zama j. Kafin a, o, u ko baƙi, suna nan k da g. Saiwa ɗaya kan canza murya saboda wannan: meningitis, me-nin-JAI-tis, amma ƙwayar da ke haddasa ta meningococcus, me-nin-go-KO-kas. Gynaecology ta ƙi bin dokar, gai-ni-KO-lo-ji. Encephalitis kuwa za ka ji wasu malamai da s wasu da k, kada ka yi gardama da kowa.

Y wani lokaci ai ne, kamar a hyper da myo da thyroid da pyrexia. Wani lokaci gajeren i, kamar a dys da cyst da lymph. In baƙaƙe biyu suka tare shi, yawanci gajeren ne. E na ƙarshen wasu kalmomi da rai yake: syncope, SIN-ko-pi, systole, SIS-to-li, diastole, dai-AS-to-li.

Th ba sabon sauti ba ne ga wanda ya yi tajwidi, harafin nan ne mai ɗigo uku da ake fito da kan harshe tsakanin haƙora. In ph ya gabace shi, a faɗi f sannan th: of-thal-MO-lo-ji, dif-THI-riya. Diphtheria ita ce mashaƙon da ya addabi Kano da maƙwabtanta a 2023. Sunan daga diphthera ne, jemammiyar fata, saboda ɓawon da cutar ke shimfiɗawa a maƙogwaro, kuma daga wannan kalmar ce Larabci ya sami daftar, mu muka ce daftari, tunda a kan fata ake rubutu a da. A asthma kuma th ɗin ba a faɗarsa, asma ce kamar yadda kowa ke cewa.

Ɗalibin Yamai ko Maraɗi ko Damagaram da ke karatu da Faransanci, saiwoyin duka nasa ne, furucin ne ya bambanta. A wurinsa p na pneumonie da psychiatrie ana faɗarsa, th t ne, h shiru yake, itis ya koma ite, aemia ya koma émie. Ch wani lokaci k ne kamar a choléra, wani lokaci sh kamar a bronchite. Wani wurin ma Faransanci ya fi riƙe Girkanci: sikila a can drépanocytose ce, daga drepanon, lauje, da cyt, ƙwayar halitta.

Mataki na shida: inda ake danna murya

Hausa da karin sauti take aiki, hawa da sauka. Ingilishi gaɓa ɗaya yake zaɓa ya danna, sauran su raunana. In ka danna inda ba nan ba, ko haruffanka duk daidai ne, mai sauraro sai ya ce ka sake. Abin daɗi shi ne ɗafa-ƙeya ne ke yanke hukunci.

Wasu suna jan nauyin zuwa kansu: itis a kan AI, osis da oma a kan O, aemia a kan I, uria a kan YU, algia a kan AL, ectomy a kan EK, iasis a kan AI. Wasu kuma tura shi suke yi kan gaɓar da ke gabansu, wadda galibi ita ce wasalin haɗin nan da muka ce ba shi da ma'ana. Su ne logy, scopy, tomy, pathy, graphy da lysis. Shi ya sa ake cewa KA-di-yak amma ka-di-O-lo-ji, EN-do-skop amma en-DOS-ko-pi. Haka nyu-RO-pa-thi, la-pa-RO-to-mi, pa-RA-li-sis, dai-A-li-sis. Wannan rukuni na biyu shi ya fi kama mutane, domin inda ka yanka kalmar don ma'ana daban, inda murya ta yanka ta daban.

Harshenmu ba ya son baƙaƙe biyu a jere a farkon kalma, sai ya cusa wasali, yadda aka yi muka sami burodi da direba. Sclerosis kan zama sikilerosis. Ba laifi ba ne babba, za a gane ka. Amma kada wasalin da ka ƙara ya bi ka zuwa rubutu.

Mataki na bakwai: jam'i

Is na ƙarshe yana komawa es, a furta shi iz mai tsawo: diagnosis, diagnoses, metastasis, metastases. On ya koma a: ganglion, ganglia. Nx ya koma nges: phalanx, phalanges, meninx, meninges. Ma kan karɓi ta, stoma, stomata, ko da yake yau da kullum stomas da carcinomas aka fi ji.

Mataki na takwas: san inda feɗewa ke yaudara

Ma'anar da ka tono daga guntaye tana kai ka ƙofa ne, ba ta shigar da kai ɗaki. Anaemia a zahirin lafazi rashin jini ne kwata-kwata, alhali ƙarancin haemoglobin, sinadarin da ke sa jini ja, ake nufi. Orthopaedics, sunan da Nicolas Andry ya ƙirƙira a 1741, ma'anarsa miƙar da yaro, amma yau sashen ƙashi ne na yaro da babba. Paed ɗin nan yaro ne, ba ped na Latin mai nufin ƙafa ba.

Oma ya fi kowanne haɗari a gaban majinyaci. An koya maka ƙari ne, kuma hankali kan tafi ga ciwon daji. Lipoma ƙarin kitse ne marar illa. Haematoma taruwar jini ce. Glaucoma hawan matsin ido ne, trachoma amosanin ido ne, babu ƙari a cikinsu sam. Amma lymphoma da melanoma da carcinoma daji ne. Wutsiya ɗaya, hukunci daban, saboda haka kada ka fassara wa kowa oma sai ka tabbatar da wanne ne.

Akwai kuma tagwayen da kunne ke haɗawa. Dysphagia, dis-FE-jiya, wahalar haɗiya. Dysphasia, dis-FE-ziya, wahalar magana, kuma mai shanyewar ɓarin jiki na iya zuwa da duka biyun. My tsoka, myel laka ko ɓargo, shi ya sa osteomyelitis ciwon ƙashi da ɓargonsa ne. Cyt ƙwayar halitta, cyst jaka. Ureter bututu ne daga ƙoda zuwa mafitsara, guda biyu. Urethra daga mafitsara zuwa waje, guda ɗaya. Arthr gaɓa, ather kitsen da ke daskarewa a bangon hanyar jini.

Wasu kalmomin kuma kada ka ɓata wuƙarka a kansu, ba Girkanci ba ne. Malaria daga Italiyanci take, mummunar iska, daga zamanin da ake zargin tururin fadama. Kwashiorkor daga harshen Ga na Ghana ne, Cicely Williams ta shigar da ita littattafan likitanci a 1935. Zazzaɓin Lassa sunan garin Lassa na jihar Borno ya ɗauka, inda aka gano shi a 1969. Noma kuma, cutar da ke cin fuskar yara, wadda ake da asibitinta na musamman a Sakkwato kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci a Disambar 2023, ba ruwanta da gona. Girkanci ce, daga kalmar da ke nufin gyambo mai ci yana yaɗuwa.

Mataki na tara: aikin kullum

Kada ka zauna da ƙamus daga a zuwa z. Ka ɗauki kalmomin da suka zo maka da kansu a ranar, daga lacca ko zagayen ɗakin majinyata. Rubuta kowace, ka ja layi tsakanin guntayenta, ka rubuta Hausarta a ƙasa kana farawa daga wutsiya. Sannan ka faɗe ta da murya, ba a zuci ba, ka saurari yadda ƙamus mai sauti a waya ya faɗe ta, ka gyara. Daga nan ka riƙe saiwar ka canza wutsiya: nephritis, nephrectomy, nephropathy, nephrolithiasis. Sai ka riƙe wutsiyar ka canza saiwa. In kuna da abokin karatu, ɗaya ya faɗi Hausar ɗaya ya gina kalmar. "Tsakuwar ƙoda." "Fitsari da jini." "Ƙarancin fararen ƙwayoyin jini." Ginawa ta fi feɗewa wuya, kuma ita ke nuna ko guntayen sun zauna.

Ƙarshen aikin a gefen gado yake. Hausar da ka rubuta a ƙasan kalma ta littafinka ce, ba ita za ka faɗa wa tsohuwar da ke kwance ba. In fayil ya ce pyelonephritis, kai ka san py-el-o ba ruwansa da py mai nufin mugunya, pyel kwarin ƙoda ne inda fitsari ke taruwa kafin ya gangara. Ita kuwa abin da za ka ce mata shi ne: "Inna, ƙwayar cuta ce ta hau daga mafitsara ta kama ƙodarki, ita ke sa zazzaɓin da ciwon kwiɓin nan. Za a yi miki allurai, in kin ji sauƙi a koma ƙwayoyi, kuma ki daure ki shanye su duka ko da zazzaɓin ya sauka. Ki riƙa shan ruwa sosai."